Adakar Baba Tana da Labari

In ka bar Sakkwato ka kama hanyar Jega, za ka wuce Boɗinga, ka wuce Shagari, sa'an nan ka iso Kajiji. Ƙasa ce ta manoma da makiyaya. Baƙon da ya wuce a mota ba zai yi zaton yaƙin duniya ya taɓa shafar waɗannan garuruwa ba. Amma a ƙasar Sakkwato, kamar sauran ƙasashen Arewa, akwai gidajen da za ka tarar da tsohuwar adaka a ƙarƙashin gado. In ka buɗe sai ka ga 'yan takardu da suka yi ja don tsufa, da lambar tagulla mai ƙyalle, watakila da hoton wani saurayi cikin kaki. Saurayin nan shi ne baba, ko kaka. Yaran gida sun san wai ya yi soja. Daga nan ba su san kome ba.

Ya mai karatu, lokaci yana ƙurewa. Yaron da ya shiga soja yana da shekara 18 a 1943, in yana da rai yau ya cika shekara 100. Wanda ya shiga yana da shekara 20 a 1967 ya doshi 80. Kowace damina gara tana cin rabonta cikin takardu, kowace shekara kuma ana binne tsofaffi da labarinsu a ciki. Wannan aiki ba sai mai digiri ba. Duk wanda ya iya karatu da rubutu, yana da haƙuri da ladabi, zai iya tattara labarin iyayensa ya bar wa na baya.

Ba baƙon aiki ba ne a ƙasar nan

Mutanen wannan yanki sun daɗe da sanin darajar rubuta abin da ya faru. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuwa ya zauna a Boɗinga. A 1812, tun Shehu yana da rai, ɗansa Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri, inda ya ba da labarin mahaifinsa da yaƙe-yaƙen zamaninsu. Abdullahi ma ya rubuta nasa, Tazyinul Waraƙati, a 1813. A zamaninmu Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya tsare takardun kakanninsa ya yi rubutu daga cikinsu. Saboda haka ne masana na duniya suka san tarihin Sakkwato filla-filla.

Amma wannan labarin manya ne. Labarin talakan da aka ɗauka daga ƙauye aka kai shi bayan teku, da na matar da ya bari da goyo, ba mai rubuta shi sai 'ya'yansu.

Wane yaƙi ne?

Abu na fari, ka tabbatar da yaƙin da ake magana a kai. Tsofaffi sukan ce "lokacin yaƙi" kawai, yara kuwa su haɗa biyu su zama ɗaya.

Akwai Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, wanda iyayenmu suke kira yaƙin Hitila. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku bai daɗe da hawa gado ba, gama a 1938 aka naɗa shi. Ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai aka riƙa ɗaukar samari. Jirgin ƙasa bai zo Sakkwato ba, sai a kai mutum Gusau, daga can a sa shi a jirgi. Zariya ce babbar makarantar horar da kurata. Sojojin Nijeriya sun fara yaƙi da Italiyawa a gabashin Afirka. Sun shiga Mogadishu a watan Fabrairu 1941, suka kai Harar ta ƙasar Habasha a watan Maris.

Bayan haka aka kafa runduna biyu na mutanen Afirka ta Yamma a 1943, wato ta 81 da ta 82, aka kai su Indiya a jirgin ruwa, daga can suka shiga ƙasar Bama, wadda ake kira Miyanma tun 1989, don su yi yaƙi da Japanawa. Wajen mutum 90,000 ne suka tafi daga Afirka ta Yamma, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. Runduna ta 81 ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan a 1944, cikin kurmi da duwatsu inda mota ba ta shiga. Daga jirgin sama ake jefo musu abinci, sauran kaya kuwa a ka ake ɗauka. Bataliya uku na Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, sun shiga cikin mayaƙan da ake kira Chindit, waɗanda aka sauke a bayan abokan gaba. A watan Janairu 1945 rundunonin nan biyu suka ci garin Myohaung. Japan ta miƙa wuya a watan Agusta 1945, amma yawancin mutanenmu sai a 1946 suka ga gida.

Sa'an nan akwai aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango daga 1960 zuwa 1964. Akwai kuma yaƙin basasa, daga 6 ga Yuli 1967 zuwa 15 ga Janairu 1970. Kafin wannan yaƙi sojan Nijeriya duka wajen 10,000 ne, kafin a gama sun kai wajen 250,000. An kuma kira waɗansu 'yan mazan jiya na Bama suka sake sa kaki, don haka mutum ɗaya yana iya kasancewa da labarin yaƙi biyu. Iyayen waɗansu masu karatu kuma Laberiya suka tafi tun daga 1990, ko Saliyo bayan haka.

Buɗe adaka

Kada ka buɗe adakar a ɓoye. Nemi izinin mai ita, in ya rasu kuwa nemi izinin babban gida. Shimfiɗa tabarma mai tsabta a inuwa, wanke hannu ka shanya, ka fitar da kayan ɗaya ɗaya. Sayi littafin rubutu, ka ba kowane abu lamba, ka rubuta kamanninsa. Kada ka zubar da kome, ko ambulan da ba wasiƙa a ciki, gama hatimin gidan waya yana nuna gari da kwanan wata.

Takardar da ta fi kowace daraja ita ce takardar sallama. A ciki akan rubuta sunan soja, da lambarsa, da ƙungiyar da ya yi aiki, da ranar shiga da ta fita, da muƙaminsa, ko farabiti ne, ko kofur, ko saje, ko samanja. Lambar nan ita ce mabuɗi. A yaƙin Hitila lambar sojan Nijeriya takan fara da haruffan NA. In ka ga GC, to, a ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yau, aka ɗauke shi. Kada wannan ya ba ka mamaki. Mutanen Lardin Sakkwato sun shahara da tafiya cin rani, waɗansu har Kumasi, a can kuwa waɗansunsu suka shiga soja.

Duba lambobin yabo. In ka ga tauraro mai tsini shida, ƙyallensa ja a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo, wannan tauraron Bama ne. In ƙyallen launin rairayi ne da jan ratsi a tsakiya, da siraran ratsi biyu masu shuɗi, tauraron Afirka ne, ana kuwa ba da shi ga waɗanda suka yi yaƙin Habasha da Somaliya. Amma ka lura, Ingila ba ta buga sunan mai lamba a jikin waɗannan taurari ba. Lamba kaɗai ba ta isa shaida ba, sai an haɗa ta da takarda ko da bakin wanda ya sani.

In takarda ba ta da kwanan wata, tana iya faɗa maka shekarunta ta wata hanya. In ta ambaci fam da sule, kafin 1973 aka rubuta ta, gama a ran 1 ga Janairu 1973 naira ta fito. In ta ce Lardin Sakkwato da En'e, tsohuwa ce. In ta ce Jihar Arewa maso Yamma, tsakanin 1967 da 1976 ne. In ta ce Jihar Sakkwato, daga 1976 ne zuwa gaba.

A gidajen Kajiji da kewaye za ka fi samun wasiƙu da ajami. In ba ka iya karantawa ba, kai wa malami mai amana, ya karanta kana rubutawa da boko. A gidajen Kirista kuwa, duba bangon Littafi Mai Tsarki na gida da na littafin waƙoƙi, gama a nan iyaye da yawa suka rubuta ranar haihuwa da ta aure da ta rasuwa. Littafin baftisma na ikilisiya ma yana taimako. Kada ka manta da rasit na haraji, da katin fansho, da katin asibiti, da abin da aka rubuta a bayan hoto.

Rikicin suna

Ga inda mutane da yawa suke tuntuɓe. A zamanin Turawa akan rubuta sunan yanka na soja, sa'an nan a liƙa masa sunan gari. Yaron Kajiji ba lalle ne a rubuta shi Wane Kajiji ba. Yana iya zama Wane Yabo, ko Wane Sakkwato, gama magatakarda ya fi sanin babban gari. Tun da yake masu suna ɗaya sun yi yawa, lamba ce kaɗai take raba su. Rubutun sunan ma yana sauyawa. Muhammadu yana iya zama Mamman ko Momo, Abdu ya zama Audu, Garba ya zama Garuba. Waɗansu kuma da gangan suka ba da wani suna, don sun gudo ne ba da sanin iyaye ba. Shekarun haihuwa kuwa, mai ɗauka yakan dubi mutum ne ya kintata. Saboda haka in takarda ta saɓa wa abin da gida ya sani, kada ka yi saurin cewa wani ya yi ƙarya. Rubuta duka biyu.

Zama da tsofaffi

Takarda tana ba da ƙashi, baki ne yake sa nama. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Amma tambayar tsoho tana da ladabinta. Kada ka zo da takarda da alƙalami kamar ɗan sanda. Zo da goro, ka gaisa, ka zauna ƙasa. Zaɓi lokacin da ba aikin gona, da rani bayan la'asar ko da dare bayan tuwo. In za ka ɗauki murya da waya, faɗa masa tukuna, ka kuma faɗa masa wanda zai ji.

Fara da ƙananan abubuwa. Kada ka ce, "Baba, kun kashe mutum?" Ka ce, "Baba, ranar da kuka tashi, wa ya raka ku?" "Me kuka ci a jirgin ruwa?" "Wa yake kwana kusa da ku?" "Da kuka dawo, wa kuka fara gani?" Tambaya irin wannan ita take buɗe ƙofa. Miƙa masa hoto ko lamba ya riƙe a hannu, sa'an nan ka yi shiru. In ya yi shiru kada ka cika wurin da surutu. In hawaye ya zo, bar maganar sai wata rana. Akwai tsofaffin sojoji da suka yi shekaru suna firgita cikin barci, waɗansu ko tsawa ba sa so su ji. Wanda ya ce ba zai faɗa ba, yana da iko, ka girmama shi.

Sau da yawa ɗa ba ya iya tambayar mahaifinsa saboda kunya, musamman ɗan fari. To, ga dabara. Tsakanin jika da kaka akwai wasa. Abin da tsoho ba zai faɗa wa ɗansa ba, yakan faɗa wa jikansa yana dariya. Koya wa jikan tambayoyin, kai kuwa ka zauna gefe.

Rubuta sunayen wurare yadda ya faɗe su, ko da ba ka gane ba. Daga baya ka gwada su da sunayen barikokin soja, gama da yawa an sa musu sunayen wuraren da aka yi yaƙi a Bama. Akwai Kalapanzin da Dalet a Kaduna, da Chindit a Zariya, da Myohaung da Arakan da Dodan a Ikko. In tsoho ya ce wani babban sarki ya zo ya gaishe su a can, ka tuna Sarkin Katsina Usman Nagogo ya ziyarci sojojinmu a Indiya da Bama bayan an naɗa shi a 1944.

Tsofaffi ba su cika riƙe shekara da lamba ba, amma suna riƙe da abin da ya faru. Tambaye su, kafin zuwan Sarauniya ne a 1956 ko bayansa? Kafin rasuwar Sardauna a Janairu 1966? Kafin canjin hannu na 1972, ko farin 1973? Da haka za ka kafa shekara.

Kada a manta da Inna

Yaƙi ba a bakin daga kaɗai ake yinsa ba. Je wurin Inna, da Gwaggo, da matan da suka zauna gida. Wa ya nome gonar? Wa ya biya haraji? Kuɗi yana zuwa daga bariki, ko ba ya zuwa? Wa yake karanta mata wasiƙa? Akwai matan da aka ce musu miji ya mutu, suka yi takaba, daga baya sai ga shi ya dawo. Ka tuna tsohuwa ba za ta kama sunan mijinta ba, sai ta ce "Malam" ko "mai gidan nan". In kai namiji ne, watakila ta fi sakin jiki da 'yar'uwarka.

A yaƙin Hitila gishiri da kananzir da tufafi sun yi wuya. Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 Faransawan da suke mulkin Nijar suna bin gwamnatin da ta yi sulhu da Jamus, don haka aka tsananta tsaron iyaka, fatauci da zumunci tsakanin ƙasar Sakkwato da su Birnin Ƙonni suka sami cikas. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuzar da take samu a can. Sai aka shiga ɗibar mutane dubun dubbai daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza a kan dutsen Jos a kan tilas, har 1944. Sanyi da yunwa da cuta sun kashe mutane a can. Waɗannan ba a ba su lambar yabo ba. In kakanka yana cikinsu, labarinsa ma labarin yaƙi ne.

Inda za a nemi ƙari

Matambayi ba ya ɓata. In ka gama da gida, fara da na kusa. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nijeriya, wadda ake kira Lijiyon, tana da ofisoshi a jihohi, a nan kuwa za ka iya samun wanda suka yi bataliya ɗaya da mahaifinka. A Sakkwato akwai Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, da sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A Kaduna akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, inda fayilolin Lardin Sakkwato suke ƙarƙashin alamar SOKPROF. Kafin ka tafi, tambayi dagaci ko wani dattijo sunan gundumar da garinku yake biyan haraji a zamanin Turawa, gama da sunan gunduma za ka nema, ba da sunan ƙaramar hukuma ta yau ba. A Kaduna kuma akwai Gidan Arewa. Nemi tsofaffin kofe na Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairu 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ka ga yadda labarin yaƙi ya riƙa iso wa mutanenmu da Hausa. Maganar fansho kuwa tana hannun Hukumar Fansho ta Soja a Abuja.

In wani naka ya tafi yaƙin Hitila bai dawo ba, akwai hukumar da take kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen Kwamanwel, ana kiranta CWGC a taƙaice. Ana bincika sunayenta kyauta ta intanet, da suna ko da lamba. A maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon akwai ginshiƙai ɗauke da sunayen mutum kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba, da 'yan Nijeriya a ciki. Akwai kuma kaburburan mutanen Afirka ta Yamma a Chittagong ta Bangaladash. Amma in ba ka sami suna ba kada ka ce tsofaffi sun yi ƙarya. A 2021 hukumar da kanta ta yarda cewa dubban 'yan Afirka da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba a rubuta sunayensu kamar na Turawa ba.

A Ingila akwai littattafan da kowace bataliya take rubuta abin da ya faru kullum, suna ajiye a Kew. Ba kasafai suke ambaton sunan farabiti ba, amma in ka san bataliyarsa za su nuna maka inda yake a wata kaza. Don sanin yadda ƙasarku take a lokacin, karanta littafin Alhaji Shehu Shagari, Beckoned to Serve, na 2001. An haife shi a Shagari a 1925, yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna lokacin yaƙin Hitila, a 1970 kuma aka ba shi aikin kwamishinan tarayya mai kula da farfaɗo da ƙasa bayan yaƙin basasa.

Waɗanda suka riga mu

Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan a 1967, ya tashi yana jin labarin Bama, gama mahaifinsa ya yi yaƙi a can. A 2007 ya fitar da littafi mai suna Burma Boy, labarin wani yaro mai jin Hausa da ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi soja. Ƙagaggen labari ne, bai kuwa ɓoye hakan ba. Wannan darasi ne. In ƙage za ka yi, ka ce ƙage ne. In tarihi ne, kada ka ƙara gishiri.

Ga kuma Isaac Fadoyebo, mutumin ƙasar Owo, wanda ya shiga soja yana da shekara 16. A watan Maris 1944 Japanawa suka harbe shi a bakin kogin Kaladan. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi tare da wani sojan Saliyo, David Kargbo, yana ciyar da su, ko da yake in an kama shi ransa ne. Wata tara suka yi a ɓoye kafin a cece su. Isaac ya rubuta labarinsa, aka buga a 1999. Wani ɗan jarida, Barnaby Phillips, ya karanta, ya nemi Isaac a Ikko, a 2011 kuma ya kai wasiƙar godiyarsa ga 'ya'yan Shuyiman a ƙauyensu. Isaac ya rasu a 2012. Da bai rubuta ba, da alherin manomin nan ya ɓace, godiya kuma ba ta isa ba.

In ka tarar da abin da ba ka so

Wanda ya tona rami ba ya zaɓen abin da zai tarar. Watakila ka ga baba ya gudu daga soja, ko an hore shi, ko ya bar mata da ɗa a wani gari. Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. A 1966 an kashe mutanen Gabas da yawa a garuruwan Arewa. A watan Oktoba 1967 sojojin tarayya sun kashe ɗaruruwan maza da samari farar hula a Asaba. Yunwa ta kashe yara ba iyaka a yankin Biyafara. Can ma akwai 'ya'ya masu neman labarin iyayensu. Emma Okocha, wanda aka kashe mahaifinsa a Asaba, ya bi waɗanda suka tsira yana tambaya, ya fitar da littafi a 1994.

To, yaya za ka yi? Kada ka ɗora wa mahaifinka laifin da ba ka da shaida a kai, don kawai rundunarsa tana wurin. Kada kuma ka wanke shi da ƙarya, gama ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Girmama iyaye ba ya nufin a mai da su abin da ba su ba ne. In abin ya shafi wani mai rai, shawarci manyan gida kafin ka rubuta. Akwai abin da za a rubuta a ajiye don iyali kaɗai. Kada ka kama sunan maƙwabci cikin abin kunya. Kada kuma littafinka ya zama itacen hura tsohuwar gaba. In tsoho ya sauke maka wani nauyi da ya daɗe yana ɗauke da shi, ka saurara da tausayi, ka kuma taimake shi ya ga wanda zai ba shi shawara.

Yadda za ka rubuta

Fara da jerin shekaru a shafi ɗaya: haihuwa, shiga soja, tafiya, dawowa, aure, aikin da ya kama bayan sallama, ko ɗan doka, ko direba, ko gandiroba, ko ya koma gona. Sa'an nan ka cika tsakani. Raba abin da ka samu kashi uku, ka kuma nuna wa mai karatu kowanne. Na ɗaya, abin da takarda ta ce. Na biyu, abin da wani ya gani da idonsa, da sunansa da ranar da ya faɗa maka. Na uku, abin da aka ji ana faɗi. Inda ba a sani ba, bar gurbi, watakila jikanka ya cika.

Rubuta da Hausa, ka bar maganar tsoho yadda ta fito daga bakinsa, da Sakkwatancinsa da kalmominsa na bariki. Shafi ashirin masu gaskiya sun isa. In ka gama, tara iyali ka karanta musu da ƙarfi. Za ka ga Baffa ya gyara maka shekara, Gwaggo ta tuna sunan da aka manta.

Ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, ka aika wa 'yan'uwa biyu ko uku a garuruwa dabam dabam. Kada ka liƙe takarda da salatif, kada ka kai ta a narka mata roba, gama ba ta fitowa kuma. Sa kowace a cikin farar takarda mai tsabta, ka ɗaga adakar daga ƙasa, nesa da bango mai laima, ka riƙa dubawa kafin damina da bayanta. Kofe ɗaya na abin da ka rubuta kuwa, ka kai gidan tarihi, domin labarin mutanen ƙauye ya zauna kusa da na sarakuna.

Kowace ranar 15 ga Janairu Nijeriya tana tunawa da sojojinta, ana ajiye furanni, ana busa ƙaho. Wannan na gwamnati ne. Na gida kuwa yana wuyanmu. A cikin watan nan rubuta sunayen tsofaffi uku mafi shekaru a danginku, ka fara da wanda ya fi rauni. Sayi goro da littafin rubutu, ka je ka gaishe shi.